Yadda Na Maƙale a Kan Tankin Gidan Su Farida

Hantsin ranar Asabar ne, an kwana ana yayyafi, gari ya yi luf, rana tana leƙowa tana komawa. Ina zaune a kan benci a ƙofar ɗakinmu a Kpakungu, koko a kofi, ƙosai a leda, na kara waya a kunne ina sauraren saƙon muryar da Farida ta turo tun bayan asuba.

Wanda yau ya fara karanta ni, bari in gabatar da kaina. Sunana Zikrullahi, amma duk unguwa Zikiru mai famfo ake ce mini. Iyayena daga Bida suka zo, ni a nan Minna aka haife ni. Boko ban yi nisa ba, a ƙaramar sakandare na sauka na kama aikin famfo, haɗa bututu, gyaran injin ruwa, toshe yoyo. Farida kuwa malamar Turanci ce a wata firamare a Ketaren Gwari. Famfon makarantarsu ne ya haɗa mu, gyaran da ba ya wuce wuni ɗaya na yi ta jan sa har sai da na samu lambarta.

Babanta, Alhaji Ndayako mai shinkafa, bai kore ni ba, bai kuma karɓe ni ba. Abin da ya ce shi ne: "Ba na raina sana'arka. Amma aikin da yau akwai gobe babu, ba zan ɗora 'yata a kansa ba. Ka samu na wata-wata, sai ka turo manya." Yayanta Nma ne ya ji labarin wani kamfani da ke haƙa rijiyoyin burtsatse yana kafa manyan tankuna a ƙauyukan hanyar Zungeru, ya sa sunana. Sai dai da Turanci za su yi wa mutum tambayoyi. Shi ke nan Farida ta mai da ni ɗan aji ɗaya, kullum da safe kalma biyu ko uku.

"Ɗalibina, ina kwana," in ji muryarta. "Buɗe kunne. Ta farko height. Shi ne tsayin abu daga ƙasa zuwa sama. In suka nuna tanki suka ce maka height, kar ka tsaya kana murmushin nan naka, ka faɗa musu tsayinsa. Sai tall da high, su ne ke rikita yarana a aji. Tall na abin da ya miƙe tun daga ƙasa ne, kamar mutum ko bishiyar giginya. High na abin da yake can sama ne, ko da shi kansa guntu ne. Kai tall ne, ba laifi. Tankin gidanmu high ne. Kar ka cakuɗa su."

Na danna na ce, "Malama, to ke fa?"

Nan da nan amsa ta shigo. "Ni short ce, kuma ba ruwanka. Mu je gaba. Pressure."

"Wannan ai tamu ce. Furesha muke cewa."

"Ku kun san ta a bututu kaɗai. Duk abin da aka matse yana neman hanyar fita, ko yana danna wani abu da ƙarfi, pressure ke nan. Ruwa a bututu, iska a tayar mashin, jini a jijiyar tsofaffi. Da kuma abin da Goggo Rabi'atu ke yi mini a gidan nan safe da yamma."

Goggo Rabi'atu ƙanwar Alhaji ce. Ta zo ganin likita tun farkon damina, likita ya sallame ta, ita ba ta sallami gidan ba. Tana da ɗan takararta, wani Saifuddeen ɗan yayan mijinta da ke aiki a Abuja. Ban taɓa ganinsa ba, amma na san kalar motarsa, na san yana shan shayi ba sukari.

Sai Farida ta rage murya. "Yaya Nma ya ce akwai tambayar da ba ta tsallake kowa. Can you work at height? Wato za ka iya aiki a can sama? Ka ce yes sir, da ƙarfi. Faɗa in ji."

Na ce, "Yes sir!" har Nna, mahaifiyata, ta ɗaga labule tana tambaya ko soja ne ya shigo gidan.

To jama'a, tsakanina da ku, a nan gizo ke saƙa. A'a, bari in faɗa a fili kawai: ni tsoron sama nake yi. Ba wai ɗan faɗuwar gaba ba. Ko a gadar ƙetare titi na tsaya na leƙa ƙasa, sai in ji kaina yana juyawa. Abin da ya rufa mini asiri shi ne abokin aikina Philip. Tun muna koyon aiki muka raba, ni na ƙasa, shi na sama. Shi Philip da za a ba shi tabarma a kan tanki, barci zai yi. Ba wanda ya taɓa tambayar dalili, ni ma ban taɓa ba da bayani ba. Farida kanta ba ta sani ba. Na ce a raina in na samu aikin, Allah zai kawo wani Philip ɗin a can.

Ban gama kokon ba waya ta yi ƙara. Hajiya Kafayatu ce, mahaifiyar Farida. Sai da na miƙe tsaye kafin in ɗauka.

"Zikrullahi, kana kusa? Tun safe ba ɗigon ruwa a famfo, tanki kuwa jiya da yamma muka cika shi. Alhaji ya ce a kira ka."

Alhaji ya ce a kira ni! Shi da kansa. Na ce ga ni nan tafe, na kashe na kira Philip. Sai ganga nake ji da guɗa.

"Zikiru, ina ƙauye fa, bikin ƙanwata Sandra. Sai Litinin. Ka ce su sha na randa."

"Philip, gidan su Farida ne."

Ya fashe da dariya har yana tari. "Wayyo, yau ranarka ce, oga na ƙasa! Ka hau mana. Ka kalli ƙarfe, kar ka kalli ƙasa. In ka faɗo, ni zan riƙe maka sifana ɗinka."

"Allah ya shirye ka."

"Amin. Gaishe da suruki."

Na ciro shuɗiyar rigar aikina wadda ba ta da tabon gam, na goge ta, na ɗan fesa turare. Nna tana kallona daga bakin murhu.

"Famfon ne zai shaƙi turaren?"

"Nna, tsafta ce."

"Uhm. Ka gaishe da tsaftar."

Gidan su Farida gida ne mai faɗin tsakar gida, an shafe shi da siminti, ga bishiyar mangwaro a tsakiya. Alhaji yana ƙarƙashinta a farar jallabiya, kan kujerar roba, rediyo a cinya. Goggo ta baje a tabarma tana ɓarar agushi. Tagar ɗakin Farida a buɗe, labule ya ɗan motsa, na hango gefen hijabi ruwan lemo. Na durƙusa na gaida kowa.

"Au, shi ne wannan?" in ji Goggo, tana dubana tun daga hula har silifa. "Sannu da zuwa, injiniya. Ƙamshi kamar mai zuwa ɗaurin aure. Da Saifuddeen namu ne, waya ɗaya zai buga, mutum uku su zo da mota."

"Goggo, ai ni ma waya ɗaya aka buga," na ce a hankali.

Na ji wata 'yar dariya ta kuɓuce daga bayan labule. Alhaji bai ɗago ba, amma ya ɗan rage rediyo.

Tankin yana bayan kicin, a kan doguwar ƙafar ƙarfe da ta wuce rufin gidan nesa. Ban dube shi ba. Na fara da ƙasa. Na buɗe famfon tsakar gida, na rufe. Na duba na banɗaki. Na kwance mahaɗar bututun bayan kicin, na hura, na mayar. Na ƙwanƙwasa nan, na kara kunne can. Duk addu'ata Allah ya sa ciwon a ƙasa yake.

"Zikrullahi," in ji Alhaji. "Murfin tankin ga shi can jikin katanga, iskar jiya ta jefo shi. Ina jin abin a sama yake."

"Haka ne, Baba. Dama ina tabbatarwa ne."

Matakalar da aka yi wa ƙafar tankin walda ba ta kai ƙasa ba, an fara ta daga sama da kai saboda yara. Sai an jingina tsanin katako kafin a kama ta. Na jingina, na ɗaure murfin a bayana da igiya, na soke sifana a aljihu, na karanta duk abin da na haddace a Islamiyya, har da addu'ar shiga kasuwa. Na kama hawa.

Ƙarfen da sanyi, ga santsin ruwa. Na yi yadda Philip ya ce, idona a kan tsatsar da ke gaban hancina. Hannu, ƙafa, hannu, ƙafa. Ban san lokacin da na ji katakon da aka ɗora tankin a kai a ƙarƙashin gwiwata ba. Na iso!

Aikin kansa bai kai na shan shayi ba. Baƙar leda ce da ganyen mangwaro suka shiga suka liƙe bakin bututun da ruwa ke fita. Na rufe, na kwance, na zaro, na ɗaure, na buɗe. Bututu ya yi gurnani, ruwa ya gangara. Na mayar da murfi na ɗaure shi da waya.

"Ya zo! Ruwa ya zo!" Hajiya ta ɗaga murya daga kicin. "Allah ya yi albarka, Zikrullahi!"

Daɗi ya kama ni. Kuma daɗin ne ya cuce ni, don sai na juya in amsa mata. Na duba ƙasa.

Wallahi Goggo da tabarmarta sun koma kamar faifai da kaza a kai. Tsakar gidan ta karkata hagu, ta dawo dama. Na zauna daɓas, na rungume bututu da hannu biyu kamar ɗan'uwana da ya dawo daga Makka. Hawa, ashe, sama kake kallo. Sauka kuwa dole ƙafa ta nemi abin da ido bai gani ba. Wannan Philip bai faɗa mini ba.

Waya ta yi zuu a aljihun ƙirji. Da ƙyar na saki hannu ɗaya.

"Sannu da aiki, ɗalibina. Sauko, Hajiya ta zuba maka tuwon shinkafa da miyar wake, har da kan kifi."

Na rubuta da babban yatsa: "Ina duba murfi."

Can an jima: "Har yanzu murfin?"

"Ina kallon gari."

Kuma ba ƙarya na yi ba, don in na miƙa ido nesa abin yana ɗan lafawa. Ga duwatsun da suka kewaye Minna sun yi kore shar, ga layin dogo, ga rufin kwanon Kpakungu sun cakuɗe, har ina neman namu. Gari mai kyau. Sai dai ta gabas hadari ya fara haɗuwa, baƙi ƙirin, ni kuwa ina zaune a kan ƙarfe.

"To yanzu kai tall ne kuma high," ta rubuto, da hoton dariya. "Ka ga darasi ya zauna."

Na ƙara ƙanƙame bututun. Saƙonninta suka ci gaba da shigowa.

"Zikiru?"

"Zikiru, lafiya?"

Na daɗe ina kallon sunana a fuskar wayar. Sannan na rubuta: "Malama, me ake cewa da Turanci in mutum ya duba ƙasa kansa ya riƙa juyawa?"

Na ga tana rubutu, ta goge, ta sake.

"Dizzy."

Sai kuma: "Innalillahi. Tun yaushe?"

"Tun ina yaro."

"Shi ne ɗazu ka ce mini yes sir?"

"Ke kika ce in faɗa da ƙarfi."

"Kar ka ba ni dariya. Ka riƙe da kyau. In fito?"

"Ki fito ki ce me a gaban Baba?"

Na mayar da wayar aljihu. Daga ƙasa muryar Goggo ta taso, irin wadda ake ji har gida na uku.

"Wai ɗaki zai gina a can ne? Injiniya! Ko a miƙo maka tuwon da guga?"

Matar maƙwabta da ke shanya ta tsaya da zane a hannu tana kallona ta kan katanga. Iska ta fara kaɗawa, ƙafar tankin ta ɗan yi ƙara. Na rufe ido. Na ce shi ke nan, Zikiru, yau za a sauko da kai da igiya kamar buhun masara, gobe Saifuddeen ya zo ya sha shayinsa ba sukari.

Sai na ji rediyo ya mutu.

"Rabi," in ji Alhaji, "shiga ki taya Hajiya tara ruwa tun yana zuwa."

"Yaya, ai agushin nan..."

"Shiga da shi. Hadari ne." Ya juya wajen taga. "Farida, rufe tagar nan."

Na ji ƙarar taga, na ji jan silifar Goggo tana gunaguni har ta shige. Sannan takun Alhaji, a hankali, har gindin tankin. Bai ɗaga murya ba. Da Nufanci ya yi maganar, harshen da tun rasuwar babana ba wani namiji babba da ya yi mini shi a tausashe haka.

"Ƙafa ce ta ƙi?"

"Eh, Baba."

"Aikin da Nma ke nema maka, ba irin wannan ba ne?"

"Shi ne. Nasu ma sun fi wannan tsayi."

"To me za ka ce musu?"

"An koya mini in ce zan iya."

"Za ka faɗa?"

Jama'a, a nan na so in yi ƙarya. Kalma ɗaya ce, kuma na yi ta maimaita ta tun safe. Amma mutumin yana tsaye yana kallona na rungume bututu.

"Na yi niyya, Baba. Amma yanzu da nake nan, na san ba zan iya ba."

Ina faɗa na ji kamar na saki Farida da hannuna ta faɗa ƙasa. Ba aiki, ba manya. Shi ne sharaɗin, kuma ni na rushe shi da bakina.

Ya matso kusa da tsanin.

"Da ka san haka, me ya hau da kai?"

"Hajiya ta ce ba ruwa a gidan."

Ya yi gyaran murya. Ɗigon farko ya faɗo mini a wuya.

"Juya ka ba ni baya. Kama ƙarfen da hannu biyu. Kar ka dube ni, ba abin kallo a nan. Sauko da ƙafar dama har ta taɓa wani abu. Yauwa. A Bida, wace unguwa ce taku?"

"Dokodza, Baba."

"Maƙera ke nan. Ɗayar ƙafar. Kakanka ma ƙira ya yi?"

"Ita ya yi har ya rasu. Fartanya da lauje."

"Babanka fa, me ya kawo shi Minna?"

Na ba shi labarin yadda babana ya biyo wani maigidansa mai gyaran injin niƙa, ya zauna. Ya tambayi gidan su Nna, na faɗa. Ya tambayi mu nawa ne a ɗakinmu, wa ya yi aure, wa ke karatu. Ya tambayi inda na yi allo, da wanda ya koya mini aikin famfo, da ko mun rabu lafiya. In na tsaya sai ya ce, "Ina jin ka," sai in ga ƙafata ta sake sauka don bakina ya samu ya ci gaba. Ruwa ya fara sauka sosai, ban ma kula ba, ina can ina ƙoƙarin tuno sunan kakar Nna.

"Yanzu wa ke tsaya maka a matsayin uba?"

"Ƙanin babana. Yana Bosso, direban tifa ne."

"Yana gari ranar Juma'a?"

Daidai nan tafin ƙafata ya taɓa katakon tsani, kuma daidai nan kaina ya waye. Waɗannan ai ba tambayoyin sauko da mai famfo ba ne, na binciken asalin mai neman aure ne. Na kusa sakin hannu.

"Yana... yana gari, Baba."

"Riƙe da kyau, ba ka iso ba tukuna. Maganar aikin kuwa ba mu gama ta ba, kar ka ɗauka na manta."

Tsanin ko motsi bai yi ba. Sai da na dira na ga dalili. Ya dafe shi da hannu biyu, ya tokare gindinsa da ƙafa, ruwa ya jiƙa masa hula, tsatsar da takalmina ke kankarowa duk ta zubo a kafaɗar farar jallabiyarsa.

Ƙofar kicin ta buɗe, Goggo ta leƙo da roba a ka.

"Oho, ya sauko? Me ya tsare shi tun ɗazu?"

"Tsanin nan ne ke rawa," in ji Alhaji da Hausa, yana kakkaɓe hannu. "Ba mai hankalin da zai taka shi ba a riƙe ba. Ku ba shi abincinsa ya ci da zafi."

Na buɗe baki, ina neman ta inda zan fara, da Hausa ko da Nufanci. Kafin in samu ya tura rediyonsa ƙarƙashin baranda, ya ɗauki buta, ya fice masallaci a cikin ruwan, ko waiwaye bai yi ba.